A Riƙa Faɗa Wa Masu Fita Waje Gaskiyar Hunturun Can

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ake yi wa riƙon sakainar kashi, alhali kuwa ya shafi lafiya da mutuncin 'ya'yanmu da ƙannenmu masu fita ƙasashen waje domin koyarwa ko neman ilimi. Al'amarin shi ne hunturun ƙasashen arewacin duniya, da kuma shirun da mu da muka taɓa zama a can muke yi game da shi idan mun dawo gida.

Ni malamin sakandare ne a wani ƙauye da ke yankin Auyo a Jihar Jigawa, kuma Allah ya nufe ni da zuwa Amurka a shekarar karatu ta 2018 zuwa 2019, inda na koyar da Hausa a wata jami'a da ke Jihar Wisconsin a ƙarƙashin shirin Fulbright, wanda yake ɗaukar matasan malamai daga ƙasashe daban-daban su je su koyar da harsunansu. Tun da Ingila ta buɗe wa malaman Nijeriya ƙofar neman shaidar koyarwa a makarantunta a watan Fabrairun 2023, ƙananan malamai suke yawan sallama a ƙofar gidana da tambayoyi. Suna tambayar yadda ake samun biza, da nawa ne albashi, da nawa zai zama idan aka canza shi zuwa naira. Har yau ban ga wanda ya tambayi yadda ake rayuwa a watan Janairu ba. Ban kuma ga laifinsu ba, domin abin da suke gani a Facebook shi ne hoton ɗan'uwansu yana murmushi a cikin dusar ƙanƙara, ba wanda yake gaya musu cewa da an gama ɗaukar hoton a guje ya koma ɗaki.

Mutumin ƙasar Haɗejiya yana ganin ya san sanyi, kuma yana da hujjarsa. Ya san jaura, ya san hazon da yake rufe gari har a kasa hango bishiyar da ke bakin hanya, ya san shiga fadama da asuba domin ban ruwan alkama lokacin da yatsu suke ƙin lanƙwasuwa. Sai dai hunturunmu na dare ne da safiya, da hantsi ya ɗaga kowa ya tuɓe rigar sanyinsa ya koma neman inuwa. Ko a darare mafi tsanani da wuya ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 10 sosai a ƙasar Kano da Jigawa. A inda na zauna kuwa, ana iya yin makonni ma'aunin bai hau sifili ba ko da rana tsaka, ranar tana sama tana haske amma babu ɗumi a cikinta ko kaɗan. A ranar 30 ga Janairun 2019 sanyi a birnin Chicago, wanda ba shi da nisa da Wisconsin, ya kai digiri 30 ƙasa da sifili, aka rufe makarantu da jami'o'i a yankin, gidan waya ya dakatar da rabon wasiƙu a jihohi da dama, aka kuma rasa rayuka. Domin mai karatu ya gane, firizar da masu sayar da ƙanƙara suke daskarar da ruwa a cikinta tana aiki ne a wajen digiri 18 ƙasa da sifili, ke nan a wannan rana cikin firiza ya fi bakin titi ɗumi. A irin wannan yanayi, idan iska tana kaɗawa, kunne ko yatsan da aka bari a buɗe yana iya daskarewa cikin 'yan mintoci, kuma idan abin ya yi nisa sai an yanke shi. Wannan ba sanyin da ake yi wa jarumta ba ne. Wani abin lura kuma, Amurkawa da ma'aunin Farenhait suke amfani, inda 32 take daidai da sifilinmu, saboda haka baƙon da ya ji an ce yau digiri 20 ne ya fita da riga ɗaya, zai gane kurensa tun kafin ya kai bakin titi.

Amma a ganina duhu ya fi sanyin kansa wahalar da Bahaushe, kuma shi ne abin da ba a taɓa ambata. Mu da muke kusa da tsakiyar duniya, tsawon yininmu ba ya sauyawa sosai, ko a watan Disamba muna samun awa 11 da ɗoriya na hasken rana. A Wisconsin yinin ƙarshen Disamba awa 9 ne kacal, a Landan ma bai cika awa 8 ba, rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma. Ga shi kuma a farkon Nuwamba Amurkawa suna mayar da agogo baya da awa ɗaya, Turawan Ingila da maƙwabtansu kuma a ƙarshen Oktoba, sai mutum ya wayi gari ya ga magariba ta matso da awa guda cikin dare ɗaya. Abin da wannan yake nufi ga malami Musulmi shi ne azahar tana shiga wajen sha biyu, la'asar wajen biyu da 'yan mintoci, magariba kafin huɗu da rabi, wato salloli uku a cikin lokacin aiki, a ginin da ba lalle ne a samu masallaci ko wurin alwala ba. Wanda bai san da haka ba tun a watan Agusta, lokacin da ake tsara jadawalin darussa, zai karɓi aji daga ƙarfe biyu zuwa huɗu da farin ciki, ya zo ya tarar a Disamba cewa lokacin la'asarsa yana ƙarewa yana tsaye gaban allo. Haka ma Juma'a. Shugabannin sashe a can ba su da wuyar sha'ani idan aka faɗa musu da wuri, abin da ba sa so shi ne a zo musu da magana bayan an riga an raba azuzuwa.

Alwala ma tana da nata. Babin shafa a kan huffi da muka karanta a Risala a zaure, muna yara, ba mu taɓa ganin huffin da idonmu ba, sai a can na ga amfaninsa, domin wanda ya wanke ƙafa a makewayin jami'a, bayan kallon da zai sha, idan ya mayar da ita cikin takalmi da danshi ya fita waje ya jawo wa kansa ciwo. Ya kamata duk mai shirin tafiya ya koma wurin malaminsa a maimaita masa wannan babi da sharuɗɗansa, da hukuncin ƙasaru da haɗa salloli a halin tafiya, ya kuma sayi huffinsa na fata tun daga gida. Abin daɗin da ke ciki shi ne azumi, domin watan Ramadan yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, yanzu kuma ya doshi tsakiyar hunturun can, har ma a 2030 ana sa ran zai zo sau biyu, a Janairu da kuma Disamba. Masu zuwa a waɗannan shekaru za su yi gajeren azumi ba ƙishirwa, saɓanin waɗanda suka yi shi a watan Yuni suna shan ruwa bayan ƙarfe takwas na dare.

Game da koyarwar kanta, abu na farko da malami zai sani shi ne dusar ƙanƙara ba uzuri ba ce. A nan idan aka tashi da ruwan sama ko hazo mai yawa, malami da ɗalibi duk sun san darasin farko ya tafi, ba kuma wanda zai tuhumi wani. A can motocin share titi suna fita tun cikin dare, ana watsa gishiri a kan hanya domin ƙanƙarar ta narke, bas yana zuwa a kan lokacinsa, ɗalibai kuma suna zaune suna jira ƙarfe takwas na safe alhali gari bai gama wayewa ba. Kuɗi suka biya, an ba su jadawalin abin da za a koya musu mako-mako tun ranar farko, kuma a ƙarshen zango su ne za su rubuta ra'ayinsu a kan malamin a miƙa wa hukuma. Wanda ya saba da ɗalibi ya rusuna ya gaishe shi zai ga yarinya ta shigo aji da kofin shayinta, ta kira shi da sunansa na yanka, ta ce ba ta gamsu da bayaninsa ba. Ba raini ba ne, tarbiyyarsu ce haka, kuma sau da yawa irin wannan ɗalibar ita ce za ta fi kowa ƙoƙari.

Ajin Hausa ba ya tara jama'a, 'yan ɗalibai ne da ba su wuce a zagaye tebur ɗaya ba, yawancinsu masu shirin zuwa bincike Nijeriya ko Nijar. Wannan ƙarancin shi ne yake sa aikin ya yi nauyi, domin babu inda malami zai ɓuya. Za su tambaye shi dalilin da ya sa muryarsa ta hau a wannan gaɓa ta sauka a waccan, da inda wasali yake da tsawo da inda yake gajere, abubuwan da mu muke furtawa daidai tun muna goye amma ba ma rubuta su, ba kuma kowane mai jin Hausa ne zai iya bayaninsu ba. Ina shawartar duk wanda zai je koyar da harshen ya zauna da malaman sashen harsunan Nijeriya na jami'o'inmu kafin ya tashi. Idan hunturu ya yi nisa kuma, daga ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu, ɗaliban kansu sukan yi sanyi, mura ta kama wannan ta saki wancan, aji ya yi tsit. A lokacin ne na ga amfanin tashi daga kan littafi. Nakan shimfiɗa musu kasuwa a kan tebur, da albasa da tumatir da 'yan takardun naira da na taho da su, in sa ɗaya ya zama mai kaya ɗaya mai saye, su yi ta ciniki ana albarka ana ragi har sai an ji dariya a ajin. Ba mu ne farkon masu koyar da Hausa a ƙasashen sanyi ba, domin tun a 1855 matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya isa Landan tare da wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, wanda ya zauna da mai nazarin harshe J. F. Schön yana ba shi Hausa daga bakinsa, kuma a Kano ya ƙare rayuwarsa a 1912. Shi ya sha hunturun Ingila a zamanin da babu lantarki.

Akwai gargaɗi guda da nake so kowane uba ya yi wa ɗansa da babbar murya. Mun saba idan sanyi ya matsa a shigar da kaskon garwashi ɗaki, kuma ko a nan ɗin ma al'ada ce mai haɗari, sai dai ɗakunanmu suna da kafofin da iska take shiga. Gidajen can an gina su ne a toshe ruf domin kada ɗumi ya fita, saboda haka wanda ya hura gawayi a ciki, ko ya kunna murhun gas ya bar shi domin ya rage kuɗin ɗumama ɗaki, iskar guba marar wari da launi za ta taru, ya yi barcin da ba zai farka ba. Kowace shekara ana samun irin wannan mutuwa, musamman idan wuta ta ɗauke. Na'urar da ke manne a rufin ɗaki mai ƙara idan ta ji hayaƙi ko gubar, kada a cire mata batir don ta dami mutum lokacin da yake suya.

Tufafi ba su buƙatar dogon bayani. Shadda da yadi ba sa tare iska, kuma hular zanna ba ta rufe kunne. Ana sa kaya ne hawa-hawa, na ciki mai kama jiki, da suwaita ta ulu, sannan babbar riga mai tare iska, da safar hannu da takalmi mai kauri wanda ba ya santsi, domin faɗuwa a kan daskararren ruwan da ido ba ya gani tana karya mutane da yawa. Jaket ɗin gwanjo ta Ƙofar Wambai za ta kai mutum Nuwamba, daga nan sai ya nemi shagunan gwanjon can, waɗanda suke da araha kuma ba abin kunya ba ne shigarsu. Man kaɗanya kuwa a tafi da shi da yawa.

Lafiya ita ce inda kunyarmu take cutar da mu. Mai ciwon sikila ko asma dole ya ga likita kafin ya karɓi gurbin karatu ko aiki a ƙasa mai sanyi, domin sanyi yana daga cikin abubuwan da suke tayar da ciwon. Fatarmu kuma ba ta samun isasshen sinadarin bitamin D daga raunanniyar ranar can, shi ya sa hukumar lafiya ta Ingila take shawartar jama'a su riƙa shan maikrogiram 10 a kullum a watannin sanyi, masu baƙar fata kuma su duba yiwuwar sha duk shekara. Sannan akwai wata damuwa da take zuwa da gajartar yini, wadda likitocin Amurka suka bayyana ta a 1984, mai sa mutum yawan barci da kasala da ƙin shiga mutane da baƙin ciki ba dalili. Idan ta kama ɗanmu a can, shi zai ɗauka raunin imani ne ya ɓoye, idan kuma ya faɗa a gida sai a ce sammu ne ko iska, a aika masa da rubutu. Addu'a tana da muhimmanci, amma ciwo ne da aka san shi, ana kuma maganinsa da fita cikin hasken safiya da motsa jiki da wata fitila ta musamman da ganin likita, kuma jami'o'in suna da masu ba da shawara a kansa.

Abin da yake ƙara masa ƙarfi shi ne kaɗaici. A lokacin zafi mutanen can suna zama a waje, ana gaisawa sama-sama. Da sanyi ya shigo kowa ya rufe ƙofarsa, babu dandali, babu teburin mai shayi, babu wanda zai yi sallama don kawai ya ga kwana biyu bai gan ka ba. Ba ƙiyayya ba ce, domin su ma junansu haka suke yi, kuma na ga alheri a wurinsu, har da gayyatar cin abinci a gidajensu ranar bikin godiya da suke yi a Alhamis ta huɗu ta Nuwamba. Mafi tsanani shi ne hutun da yake farawa daga tsakiyar Disamba zuwa bayan tsakiyar Janairu, lokacin da ɗalibai suke watsewa, garin jami'a ya zama kufai, baƙo ya rage shi kaɗai da bango huɗu, ga tazarar awa 7 tsakaninsa da gida, idan ya taso aiki iyalinsa sun yi barci. Shawarata ita ce kada mutum ya yi wannan hutu a ɗaki. Ya lazimci masallaci ko da nisa, ya kuma yi tafiya. Akwai masu jin Hausa 'yan Gana da Nijar da yawa a unguwar Bronx ta birnin New York, akwai 'yan Nijar a Greensboro ta Jihar North Carolina, inda baƙo zai ci tuwo ya ji ana hira da harshensa. Sai dai tafiyar hunturu tana son shiri, domin ana soke tashin jirage, ana rufe manyan hanyoyi, bas ɗin da na shiga zuwa gabas sai da muka kwana a wata tasha muna jiran a share hanya, kowa ya takure a kan benci da jakarsa. Matafiyi ya riƙe guzuri da ɗan kuɗin ko-ta-kwana, fasfo da takardun zamansa su kasance a jikinsa, kada kuma ya tsara dawowa ana gobe za a koma aji. Ƙuraishawa da Alƙur'ani ya ambaci tafiyarsu ta hunturu da ta bazara, kudu suke nufa idan sanyi ya zo, wajen Yaman, kuma wanda yake da hali ya yi koyi da su bai yi asara ba. Duk da haka ba zan ce babu abin kallo ba. Na tsaya a tsakiyar tafkin da ya daskare, na ga masunta sun huda ƙanƙarar sun zauna a kan bokiti suna jefa ƙugiya, abin da har yau masuntan garinmu suke ɗauka zolaya ce idan na ba su labari.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi shafar mu da muke gida. Watannin da ɗan'uwanmu yake kashe kuɗi mafi yawa a can, wajen sayen tufafi da biyan kuɗin ɗumama ɗaki da shiga mota inda da zai taka da ƙafa, su ne daidai watannin da buƙatunmu suke tashi a nan. An gama kaka, bukukuwan aure sun kankama, ana shukar alkama daga tsakiyar Nuwamba, ana neman kuɗin taki da man injin ban ruwa, sai kowa ya tuna da wanda yake Turai. Shi kuma kunya ba za ta bar shi ya ce babu ba, sai ya turo, ya rage cin abinci, ya kashe na'urar ɗumama ɗaki ya kwana cikin jaket. Na san waɗanda suka yi haka. Ɗan alawus ɗin da ake ba malami mai koyar da harshe ko ɗalibi an auna shi ne daidai cikin mutum ɗaya, yawansa a lissafin naira ruɗi ne kawai. Iyaye da 'yan'uwa su sassauta daga Nuwamba zuwa Maris, idan sun kira waya kuma su fara tambayar lafiyarsa da abin da ya ci.

Haka nan hukumomin da suke tura ɗalibai. Jihar Jigawa ta tura yara karatun likita a birnin Shenyang na arewa maso gabashin Sin, inda hunturu yake da tsanani ƙwarai, Kano ma ta tura nata ƙasashe da dama, kuma wannan abin yabawa ne. Amma mun sha karanta koke-koken ɗaliban Nijeriya da ke Rasha da Hungary a kan jinkirin alawus, kuma jinkirin wata uku a ƙasar da ruwa yake daskarewa a waje ba ɗaya yake da jinkirin wata uku a Dutse ba, inda yaro zai iya cin abinci a gidan ɗan'uwa. Ina kira da a riƙa biyan kuɗin watannin sanyi tun kafin Oktoba ta ƙare, a ware kuɗin tufafi daban a shekarar farko, sannan kafin a kai yara filin jirgi a tara su yini guda a kira waɗanda suka taɓa zama a ƙasar da za su je, da likita da malamin fiƙihu, su yi musu bayani dalla-dalla. Ku kuma a wannan jarida, ina roƙon ku ware wani ɗan shafi da waɗanda suka dawo daga Rasha da Sin da Ingila da Kanada za su riƙa rubuto yadda suka yi hunturunsu na farko, da nawa suka kashe, da abin da suka ga ya kamata mai zuwa ya tanada, a riƙa bugawa daga watan Yuli zuwa Satumba, lokacin da yawancin masu tafiya suke haɗa kaya.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin sakandare,
daga Ƙaramar Hukumar Auyo, Jihar Jigawa.